Bencin Rabi

Tun da na ajiye aiki kuke ta faman a faskara tsohon bencin nan da ke gindin bishiyar bedi a tsakar gida. Kai Nasiru ka ce kunama yake tarawa. Ke kuma Zainabu kin ce ganinsa ma ɓata miki rai yake yi, kuma na san dalili. Ban hana kowa faɗin ransa ba, gidan ubanku ne. Amma kafin wani ya ɗauko gatari, bari in rubuta muku yadda bencin nan ya shigo gidan nan rana ɗaya da Yaya Rabi. Abin da kuka taso kuna ji a bakin mutanen Tsibiri, wai uwarku ta yi amfani da boko ta raba wata baiwar Allah da ɗiyarta, ba haka ya faru ba. Yadda ya faru ɗin ma ban ce na gama gane shi ba, ko da yake na daɗe ina juya shi a raina.

A shekarar ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, da ke bakin unguwar Zariya, a Maraɗi. Kullum da safe in hau kabu-kabu daga nan Tsibiri, in isa da ƙura har cikin kunne. Ajina na zana ne, irin wanda ake kafawa bayan kaka a kwance shi in damina ta kawo kai. An ba mu allo da alli, aka ce Allah ya ba da sa'a. Benci kuwa na ajin manya ne masu jarrabawa. Saboda haka al'adar lakwal ɗin ita ce, in an koma karatu, uban da yake da hali ya sa kafinta ya yi wa ɗansa benci mai haɗe da tebur, a rubuta sunan yaron da fenti a ƙarƙashi, a kawo. Mai benci shi ke zaɓen wanda zai zauna kusa da shi, don haka za ka ga yaro ɗan mitsitsi da fadawansa, ana yi masa hidima da rake da ƙuli-ƙuli. Sauran, waɗanda su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, su shimfiɗa buhu a ƙasa su ɗora littafi a gwiwa. Haka na tarar, haka nake gani kullum, har idona ya daina ganinsa.

Ana cikin haka aka kira mu taron malamai. Wani saurayi ya zo daga Yamai, sai ƙamshi yake yi, ya ce an ƙara sabon darasi a cikin tarbiyyar ɗan ƙasa, wai adalci a tsakanin al'umma. Ya cika allo da Faransanci. Da safe ya ce mana adalci shi ne kowa ya samu daidai da kowa. Bayan mun ci abinci ya ce adalci shi ne wanda ya fi rashi a fi ba shi. Ni dai kun san bakina ba ya jin kwaɓa. Na ɗaga hannu na tambaye shi wanne ne a ciki, na safe ko na rana. Ya ce duka biyu. Na ce to yaya zan faɗa wa yaro ɗan shekara goma duka biyu ya gane? Ya yi murmushi ya ce ai ni ce mai aji.

Na kawo maganar gida ranar Juma'a muna cin abincin rana. Babanku, da yake tela ne, ya ce wannan ai ba abin taro ba ne, adalci shi ne a auna kowa a ɗinka masa daidai jikinsa. Inna, kakarku, ta ce ita ba ta san wani adalci ba, ta dai san yatsun hannu ma ba su zo ɗaya ba, in koya wa 'ya'yan mutane ƙirga in bar shiga hurumin Allah. Daga nan babanku ya tuno cewa tun suna yara ita ce take ba ƙanensa tsoka ta ba shi ƙashi. Inna ta ce ƙanen nasa ciwo ne ya yi masa yawa, shi kuwa ƙato ne kamar ɗan maraƙi. Ya ce ƙato ba ya jin daɗin nama ne? Mutum da furfura a gemu ya tashi ya bar tuwonsa saboda tsokar da aka ci tun kafin a haife ni. Na kwashe kwanuka ban ƙaru da komai ba.

Ranar darasin na rasa ta inda zan fara, sai na jefa wa yaran tambayar. Ɗaya ya ce adalci shi ne in an buge shi a bugi wanda suka yi surutun tare. Wata ta ce shi ne a daina aikenta ita kaɗai alhali ga yayanta zaune. Aka yi ta dariya. Can sai Habu, wani fitinannen yaro da ke zama a bakin ƙofa, ya ɗaga hannu daga kan buhunsa.

"Madam, to mu mi munka yi muke ƙasa?"

Yaran suka juya suna duban masu benci. Ni ma na duba, kamar ranar na fara shiga ajin. Gaskiya raina ya yi daɗi, na ce ga darasi ya kawo kansa. Na tambaye su abin da suke ganin ya dace, aka yi ta cacar baki, a ƙarshe aka tsaya a kan karɓa-karɓa: duk ranar Litinin waɗanda ke bisa benci su sauka, wasu su hau, har zagaye ya zo kan kowa. Na ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Hannun da ya riga kowa tashi na wata yarinya ne mai benci, siririya, mai shiru, wadda ta fi kowa ƙirga a ajin. Ita ce Rabi. Daga Jiratawa aka kawo ta, tana zaune a wurin wata gwaggonta a cikin gari.

Tsorona duk yana wajen Alhazai. Darakta ma ya kira ni gefe ya ce in yi hankali, akwai jikan wani babban ɗan kasuwa a ajina, Bashir, kuma ba a taɓa kayan irin waɗannan mutane a kwana lafiya. Na daure na je kantin Alhajin da kaina, na shirya jawabi tun daga kan babur. Ya saurare ni da waya a kowane kunne, ya yi dariya ya ce a zaunar da Bashir a ƙasa, shi ma a ƙasa ya yi karatun allo kuma bai mutu ba. Har ya ce zai aiko mana da wasu bencina. Ya kuwa aiko, bayan wani lokaci, darakta ya karɓa da godiya ya shigar da su ajin masu jarrabawa. Na koma gida ina ganin na gama da mai wuyar. Makonni aka yi ana karɓa-karɓa lafiya, har Habu ya fara wanke ƙafa kafin ya zo lakwal.

Wata safiya ina tsakiyar darasi sai ga mace a bakin zana, da ƙaton kwando a kai, zogale na leƙowa. Baƙa ce, gajera, ƙafafunta duk faso. Ta sauke kwandon, ta yi sallama, ta leƙa. Makon nan zagaye ya sauko da Rabi, tana zaune a kan buhu. Matar ta dube ta, ta dubi yaran da ke kan bencinta, sannan ta dube ni. Ita ce Hajo, uwar Rabi. Na fito muka tsaya a gefen aji, ko da yake a ajin zana fita da rashin fita duk ɗaya ne, kowa yana ji.

"Madam, ke kinka zamnad da ɗiyata ƙasa?"

Na yi mata bayani da murya mai sanyi, irin wadda muke yi wa iyayen da ba su yi boko ba, Allah ya yafe mana. Na ce ba wulaƙanci ba ne, kowa yana sauka, har jikan Alhaji wancan ga shi can a ƙasa. Ko kallon Bashir ba ta yi ba.

"Su in sun zamna ƙasa wasa ne, gida kujera na jiran su. Ni tun ina ƙarama ƙasa nike zamne. Kasuwa ƙasa, garka ƙasa. Ƙahwahun mutanen Maraɗi na sani, ban san huskokinsu ba. Wanga benci katakon amalanken ubanta ne. Da ya rasu anka sai da sa, anka ce in sai da amalanke, na ƙiya, na kai ma kahinta."

Sannan ta rantse, ba da ihu ba, a hankali kamar mai faɗin farashi. Ta ce duk ranar da ta sake jin yarinyar nan ta zauna a ƙasa, za ta kwashe ta ita da bencin, ta zo su tsinki zogale tare. Ba ta ambaci sunan Rabi ba, don 'yar fari ce. Ta ɗauki kwandonta ta tafi kasuwa.

Na koma cikin aji. Ni da na yi ɗamarar karɓa daga mai shi in ba marar shi, ashe hannuna a cikin kwanon wadda ta fi kowa rashi yake. In na bi maganar saurayin Yamai ta safe, Rabi ta sauka kamar kowa. In na bi ta rana, a bar mata bencinta. Su kuma waɗanda ke ƙasa, ai akwai marayu a cikinsu, waɗanda ubansu bai bar ko amalanke ba. Abin da na sani kawai shi ne ba na son yarinyar nan ta bar karatu. Sai na tsaya gaban allo na ce daga yau bencin Rabi ya fita daga zagaye, ita za ta zauna a kai kullum, wanda take so ya zauna kusa da ita. Bashir ya tambaya ko shi ma ya kawo uwarsa ta rantse. Na ce ya rufe mini baki.

Washegari na shigo na tarar da Rabi a kan buhu, a gefen bencin, shi kuma ba kowa a kai. Na ce ta hau. Ta hau, ta zauna a ɗan bakinsa kamar mai jiran mota, hawaye na zuba, ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba har aka tashi. Na lallashe ta, na yi faɗa, na ɗauko bulala na mayar. Da na matsa mata sai ta ce da ni, kanta a ƙasa:

"Madam, ni na hwara ɗaga hannu."

Shi ke nan abin da ta faɗa. In tana ƙasa ta yi karatu kamar da, in na ɗora ta a sama ta zama gunki. Sauran yara kuwa ko da wasa ba mai taɓa bencin. Sun ji rantsuwar, sun ji katakon mamaci ne, har an fara cewa yana motsi in an tashi daga lakwal. Na gaji na ƙyale. Haka muka ci gaba, aji cike maƙil, yara a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, ga benci a tsakiya yana tara ƙura. Ansifekta ya zo duba sabon darasin, tare da saurayin nan na Yamai. Na yi darasina tsaf, yara suka amsa da murya ɗaya. Saurayin ya nuna bencin ya tambaya. Na ba shi labari tun daga farko, na ce to ga shi, na safe ne ko na rana? Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce wannan ba ya cikin abin da suka tanada. Aka ce darasina ya yi kyau.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne zogale. Duk ranar da Hajo ta shigo kasuwa sai ta bar ƙulli a wurin gwaggon, Rabi ta kawo mini, wai a gaya wa Madam an gode. Tana can tana zaton ɗiyarta na bisa benci. Babanku ya ce in je in faɗa mata gaskiya, don cin wannan zogale da cin amana ba su da bambanci. Inna ta ce ba wanda ya tambaye ni, kuma bakin da ya yi shiru bai yi ƙarya ba. Ta ce in na buɗe baki yarinya ta bar lakwal, wa na taimaka? Rabi ma ta roƙe ni kada in faɗa. Na yi ta kai da kawo. In na yi shiru na riƙe yarinyar da yaudarar uwarta, in na yi magana na jefar da ita don in wanke kaina. Inna ta ci gaba da kwaɗa zogalen da ƙuli-ƙuli tana ci hankali kwance, ni kuwa ya ƙi wuce mini wuya. A ƙarshe ba wani tunani mai zurfi ne ya kai ni Jiratawa ba, zogalen ne na kasa haɗiyewa.

Na same ta a garka, ɗan lambunta da ke bakin hanyar ruwa, zaune a ƙasa tana tsige ganye a kan buhu. Ta yi yunƙurin nemo mini abin zama, na ce ta bari, na zauna kusa da ita. Bayan gaisuwa na faɗa mata komai, ban rage ba. Hannunta bai daina tsigar ganye ba.

"Ke kinka hana ta hawa?"

"A'a. Ni na ce ta hau. Ita ta ƙi."

"Ta ƙiya," in ji ta. Ta sake faɗa a hankali, kamar tana ɗanɗana kalmar. Na soma yi mata maganar cewa rantsuwa tana da kaffara, malamai sun faɗa. Ta ce boko aka ce in koyar, ba ta ji an ƙara mini da wa'azi ba. Ta ƙulla mini zogale, ta raka ni har bakin hanya. Ran Litinin na shiga aji ba Rabi, ba benci, sai sawun ƙafafunsa huɗu a ƙasa. Na yi darasi ban san abin da na faɗa ba. A gida Inna ba ta ce ai na gaya miki ba, amma ta yi ta 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi, wadda ta fi faɗan ciwo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga amalanken jaki a ƙofar gidan nan. Benci a kai, da ƙullin kaya, da Rabi. Hajo tana biye a ƙasa. Aka shigo da bencin aka ajiye a gindin bedi, inda yake har yau. Na nuna mata tabarma, ta zauna a gefenta, kan ƙasa. Ba ni ta yi wa magana ba, Inna ta fuskanta.

"Inna, na yi azumin rantsuwata, tsakanina da Allah ya ƙare. Amma ɗiyad da ta ɗauki maganar wata bisa tawa, gara ta zamna inda maganar take. Ga ta nan, ga bencin. Shi kada ya koma lakwal. Ita kuma kada ta hwasa ko kwana guda."

Na buɗe baki in ce ba maganata ta ɗauka ba, tata ce ta kanta. Babanku ya riga ni, ya ce amana ce, mun karɓa. Inna, wadda ta fi kowa cewa in fita daga sha'anin mutane, ita ta tashi ta ɗauki ƙullin kayan ta kai ɗaki. Ke Zainabu a ranar kika rasa rabin tabarmarki, daga baya kuma kika rasa fiye da haka, don Rabi ce ke hawa babur tare da ni kullum, ita nake duba wa aiki, ke kina nan lakwal ɗin Tsibiri ina cewa ai ke 'yar gida ce. Ni da ke koyar da adalci. Kin daɗe kina riƙe da wannan, kuma ban ce ba ki da gaskiya ba.

Har yau ban san abin da Hajo ta yi mini ba. Wata rana in ce kyauta ce, ta ba ni abin da ta fi so a duniya don ta ga a nan karatun zai ɗore. Wata rana in ce mari ne, wanda aka yi da ladabi a gaban surukata. Tana zuwa duba mu da zogalenta, ta zauna a ƙasa kusa da bencin, su gaisa da Rabi kamar surukai. Rabi ta yi karatu, kun san ta zama ungozoma, ta gina wa uwarta ɗaki, ta saya mata kujeru masu laushi waɗanda aka ce baƙi kaɗai ke zama a kai. Ni kuma na ci gaba da koyar da darasin nan kowace shekara har na ajiye alli. Abin da na lura shi ne kowace shekara bayanina yana ƙara gajarta. A shekarun ƙarshe tambayar kawai nake yi, in bar yara su yi ta musu, in ƙararrawa ta kaɗa in ce a tashi.

Don haka bencin nan ba nawa ba ne, ba na ubanku ba ne, balle ku. In kuna son gatari ya hau kansa, ku je Maraɗi ku tambayi mai shi. Amma ku san wannan kafin ku je. Bara da Hajo ta rasu, bayan an share makoki, Rabi ta biyo ta nan da la'asar, ku duk ba kwa gida. Ta gaishe ni, ta tsaya a gindin bedi ta daɗe. Sannan ta sa gefen mayafinta ta share ƙurar, ta zauna. Tun ranar da na tilasta mata a aji ban sake ganin ta a kai ba.

"Madam, tsakanina da ita, wa ya yi daidai?"

Na ce mata ban sani ba. Ta gyaɗa kai, ta yi ƙoƙarin shigar da gwiwoyinta ƙarƙashin teburin, suka ƙi shiga. Ya yi mata kaɗan.